Buhun masara nawa ke sayen buhun taki? Lissafin noma jiya da yau

Manomin Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar noma da ke wannan zaure. Dattawa kan ce a da mutum zai sayar da buhun masara ɗaya ya ɗauki taki buhu biyu, har ya rage kuɗin mota. A kakar 2025 kuwa, a kasuwanni da yawa buhun masara bai sayi buhun takin kamfa (NPK) ɗaya ba, alhali a 2024 masarar ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. To me ya sauya? Kayan aiki ne suka yi tsada fiye da kima, ko hatsin ne ya faɗi? Sannan wanda zai noma hekta ɗaya ta masara a yankin Giwa ko Saminaka, yaya zai lissafa tun kafin ya zuba iri ya san buhu nawa zai fisshe shi? Lissafi nake nema, ba jaje ba.

Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ma'aunin da ka ɗauko shi ne daidai. Kwatanta nairar bana da ta shekara goma baya ba ya nuna komai, domin nairar ba ɗaya ba ce. Abin dubawa shi ne buhun hatsi nawa ke sayen buhun taki, da lita nawa ta fetur, da yinin ɗan ƙwadago nawa.

A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da kamfanin OCP na Maroko, an tsayar da buhun NPK 20:10:10 (lambobin su ne kason naitirojin, fosfet da fotash cikin ɗari) a kan N5,500. A lokacin buhun masara yana sayen buhun taki har da canji mai kauri. Daga nan abubuwa suka biyo juna. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, taki ya tashi a duniya baki ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa wajen N500, kafin ƙarshen 2024 ta haura N1,000. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen N460 har ta wuce N1,500 a 2024. Sinadarin fosfet daga Maroko ake kawo shi, fotash daga ƙasashe irin su Rasha, maganin ciyawa da na ƙwari galibi daga Sin da Indiya. Yuriya kam a gida ake yin ta, a masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme, amma da farashin kasuwar duniya ake auna ta, tunda in ba ka saya ba akwai mai saye a Burazil. Sai kuma tirela ta ɗauko buhu 600 daga bakin teku zuwa Zariya da man dizal. Kenan manomi da kuɗin dala yake sayen kayan aiki, da kuɗin ƙauye yake sayar da amfani.

Ga lissafin hekta ɗaya. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, kowa ya cire ya sa na garinsu:

Hayar gona, N100,000. Shara da huɗa, N70,000. Ingantaccen iri kilo 20, N50,000. Shuka, N25,000. Kamfa 15:15:15 buhu 6 a kan N50,000, N300,000. Yuriya buhu 3 a kan N40,000, N120,000. Maganin ciyawa da ladan mai feshi, N50,000. Maganin tsutsa, N30,000. Zuba taki sau biyu da maimai, N60,000. Karya masara, ɓarewa da sussuka, N80,000. Buhuna, ɗinki da dako, N45,000. Jimla N930,000, kuma kusan kashi 45 cikin ɗari na taki ne.

Sai ka raba jimlar da farashin da kake zaton samu a kaka. In buhu mai kilo 100 yana N30,000, sai ka samu buhu 31 kafin uwar kuɗi ta dawo. Kada a manta da zakka: noman damina ɗaya bisa goma ne. Wanda ya samu buhu 35, buhu 31 da rabi ne nasa, wato da ƙyar ya fita. Wanda ya samu buhu 20, bayan zakka saura 18, kowane buhu ya tsaya masa a kan fiye da N51,000. Gona ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ɗaya ya tsira ɗaya ya nutse.

Kura-kurai biyu ake yawan yi a wannan lissafi. Mai gonar gado ba ya sa kuɗin haya, mai 'ya'ya ba ya sa kuɗin ƙwadago, sai ya ga kamar ya ci riba alhali guminsa ya sayar a araha. Na biyu ya fi muni: ana lissafi da farashin bazara, lokacin da hatsi ke tsada kuma ake sayen taki, alhali da farashin kaka za a sayar. A ɗauki farashin kakar bara, a rage masa kashi 20 cikin ɗari. In lissafin ya tsaya a haka, a shuka.

Dattijon Funtuwa ya amsa:

Malamin Gona ya kyauta, sai dai ya faro tarihin daga kusa. Zancen da dattawa ke yi na arahar taki gaskiya ne, amma a san cewa arahar ba ta kasuwa ba ce, gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗin.

Kafin tsakiyar shekarun 1970, masara a ƙasar Hausa amfanin bayan gida ce, ta gasawa da dafawa. Dawa da gero su ne abinci, gyaɗa da auduga su ne kuɗi. Noman gandu ake yi, uba da 'ya'yansa, in aiki ya yi yawa a kira gayya. Taki na gida ne, a kai shi da mangala, ko Fulani su sauka a gona bayan girbi shanu su ci kara su bar kashi. Iri daga rumbu yake fitowa. Kuɗin da manomi ke fitarwa daga aljihu kaɗan ne ƙwarai, saboda haka faɗuwar farashi ba ta jefa shi bashi, sai dai ta hana shi sabuwar riga.

Kuma kada a ɗauka zamanin dalar gyaɗa aljanna ce. Hukumar sayen amfanin gona ita ke yanke farashi, kuma tana biyan manomi ƙasa da abin da take samu a kasuwar duniya, rarar ta tafi baitulmali. Amfaninta ɗaya: manomi ya san farashin da za a saya kafin ya kai kaya. Farin 1973 da cutar kuturun gyaɗa ta 1975 suka karya noman gyaɗar, a 1986 kuma gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin gaba ɗaya a ƙarƙashin shirin SAP na gyaran tattalin arziki.

A tsakiyar shekarun 1970 ne aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa, Gusau da Gwambe da tallafin Bankin Duniya. Su suka yaɗa sabon irin farar masara tare da takin zamani mai rangwame sosai, suka yi hanyoyin karkara. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na juyin noma na Shagari a 1980 suka ɗora a kai. A kan wannan taki mai araha aka gina noman masarar Arewa. An janye tallafin taki a 1997, aka dawo da ɗan kaɗan a 1999, a 2012 aka zo da tsarin saƙon waya na buhu biyu a rabin kuɗi. Kowane shiri ya zo ya wuce, masara kuwa ba ta rage ci ba. Ƙasar ma ta gaji: gonar da ake hutarwa a da, yanzu shekara talatin ana nomanta ba hutu, karan ma kwashewa ake yi a sayar. Shi ya sa buhu huɗun da ya isa a da, yau shida ba ya yin abin da ya yi.

Dillalin Dawanau ya amsa:

Baba ya faɗi asalin ciwon. Ni ɓangaren farashi zan taɓa, domin tambayar ta haɗa da dalilin faɗuwarsa.

A tsakiyar 2024 buhun masara ya haura N70,000 a kasuwanni da dama. Wannan tsada ta ja kowa gona: ma'aikaci, ɗan kasuwa, mai shago, kowa ya kama haya ya zuba masara. Ita kanta hayar gona da ƙwadago a lokacin suka tashi, kuma ba su sauko ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. Manyan kamfanonin abincin kaji da masu injinan shinkafa, waɗanda su ne ke ɗaukar tirela-tirela a Dawanau, Dandume da Saminaka, suka samu wata hanya. Gidajen kaji da yawa kuma tsadar 2024 ta riga ta rufe su. Kaya ya yi yawa, masu saye suka ragu. Zuwa kakar 2025 buhu ya sauko ƙasa da N40,000, taki kuwa yana sama da haka.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ajiya. Al'ada ita ce a saya a kaka a sayar a bazara ko marka da riba. Waɗanda suka tara kaya a ƙarshen 2024 sun ga akasin haka, farashi ya yi ta sauka a watannin da ya saba hawa. Da suka tsorata suka fito da kayan lokaci ɗaya, ya ƙara faɗuwa.

Don haka ajiya ma lissafi gare ta. Masarar da aka ɗinke da danshi tana raguwa in ta bushe, buhu ya iya rasa kilo da yawa, ga ruɓa da fumfuna. Ana son danshi ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. Gwajinsa: a samu kwalba busasshiya, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin, a girgiza a ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin rana. Buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da ke hana iska shiga, yana kashe ƙwari ba magani, muddin an matse iska an ɗaure kowane ninki daban, kuma ɓera bai huda shi ba. A ɗora kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙwayar maganin nan mai fitar da iska mai guba kuwa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi, ta sha kashe iyali guda.

In ka haɗa kuɗin buhu, hayar sito, dako sau biyu, la'ada, raguwar nauyi, da kuɗinka da ke kwance wata shida, sai farashi ya tashi da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kafin a ce ajiyar ta biya. Mai bashi a kansa ya sayar da abin da zai biya bashin tun a kaka. Sauran a raba uku, a fitar a lokuta daban. Mafi tsadar kuɗi kuma shi ne falle: ka karɓi kuɗi a marka a kan za ka biya da buhu a kaka, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Wanda ya ci falle ya sayar da amfaninsa tun yana tsaye a gona.

Wani abu kuma da ba a faɗa: a wasu yankunan Zamfara da Katsina akwai kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a shuka da kafin a girbe. Wannan ma a cikin buhun yake, ko da ba mai rubuta shi.

Ɗan Fadama ya amsa:

Ku na damina kuna kuka da taki, na rani fetur ne ya fi cin su. Injin ban-ruwa mai inci uku yana shan wajen lita ɗaya a awa. A ce hektar shinkafa tana son awa 10 a kowane ban-ruwa, sau biyu a mako, tsawon mako 14. Lita 280 kenan. A kan N190 kuɗin bai kai N55,000 ba. A kan N900 ya haura N250,000. Ƙasa mai yashi ta fi haka sha. Wanda ke kan magudanar Kadawa ko Bakolori, inda ruwa ke gangarowa da kansa, ba ya cikin wannan hali, shi ya sa hayar gona a can ta fi tsada.

Masu mayar da inji kan gas su yi wannan lissafi: kilo ɗaya na gas yana aikin kusan lita ɗaya da rabi ta fetur, ko ƙasa da haka kaɗan. In kuɗin kilo bai kai na lita ɗaya da rabi ba, akwai sauƙi. In ya kai, wahala ce kawai. Abin da ke ɓaci: ƙaramar tukunya tana yin sanyi ta daskare in an daɗe ana ja, ƙarfin inji ya ragu, tiyo mara kyau yana tsagewa a rana, kan tukunya mai yoyo yana cinye ribar. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Famfon sola ba ya shan mai, amma kuɗin farko ne mai nauyi, kuma ruwansa bai kai na inji ba, ya fi dacewa da albasa, tumatir da kayan lambu fiye da shinkafa mai son kwanciyar ruwa.

Kafin a sauya inji ma, a gyara fangali. Fangalin da bai daidaita ba, gefe ɗaya ya nutse gefe ɗaya ya bushe, mai ban-ruwa ya yi ta ƙona mai don ya kai ruwa tudu. A toshe ramukan ɓera a kunya. Zakkar abin da aka shayar da inji kuma ɗaya bisa ashirin ce, a sa ta haka a lissafi.

Manomin Giwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura abu ɗaya. Wanda kuɗinsa ba zai sayi buhu tara ba, sai huɗu ko biyar, ya watsa su a hektar duka, ko ya noma rabi?

Malamin Gona ya amsa:

Akwai masu cewa a watsa a duka, hujjarsu ita ce buhunan farko sun fi na ƙarshe ƙara amfani. Gaskiya ne. Amma duba lissafin sama: fiye da N500,000 na hekta ba na taki ba ne, kuma haya, huɗa, iri, shuka da feshi ba sa raguwa don ka rage taki. In gonar haya ce kuma ƙwadago na kuɗi ne, masara a rabi da cikakken taki ta fi. In gonarka ce, da shanun huɗarka da 'ya'yanka, kana iya faɗaɗawa kaɗan.

Ɗaya rabin kada ya zauna banza. Waken suya ba ya son yuriya, yana samar wa kansa naitirojin. Hekta tana cin iri kilo 50 zuwa 60 da takin sufa (na fosfet) buhu 3 ko 4, a gauraya irin da sinadarin Nodumax, mai taimaka masa samar da naitirojin, a inuwa a shuka a ranar. Matsalarsa fashewa: in ya bushe aka yi jinkirin yanka, rabinsa a ƙasa zai zube. Baɗi a juya, masara ta koma inda waken ya tashi, za ta samu sauran naitirojin a ƙasa kuma wuta-wuta ta ragu. Dawa ma tana neman kusan rabin abin da masara ke ci. Sai dai a lura, in kowa ya gudu daga masara ya koma amfani ɗaya, can ma farashin zai faɗi, masarar kuma ta tashi.

Sannan a san abin da ke cikin buhu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin. Kamfa 15:15:15 tana da kilo 7 da rabi, 20:10:10 tana da kilo 10. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a hekta, wato kamfa 15:15:15 buhu 8 da yuriya kusan buhu 3, buhu 6 na lissafin sama kuwa ƙasa da shawarar yake. Wanda ya zuba kamfa a zubi na biyu maimakon yuriya ya sayi naitirojin da tsada ninki uku ko fiye. A gona mai tsabta da cikakkiyar shuka, in kowane kilo na naitirojin ya ƙara kilo 15 na hatsi, buhun yuriya ya kawo kusan buhu uku da rabi na masara, ko a farashin N30,000 ya biya kansa ya ninka. In ciyawa da giɓi suka sa ya ƙara kilo 8 kawai, bai kai buhu biyu ba. Taki ɗaya ne, aikin ne ya bambanta.

Inda takin ke salwanta sananne ne. Tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin shuka, tsiro ɗaya a rami, tana ba da wajen tsiro 53,000 a hekta. Gonaki da yawa ba sa kai 35,000, ga giɓi ko'ina, sai ciyawa ta ci takin. A yi gwajin tsiro kafin shuka: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu, in ƙasa da 85 suka fito a ƙara iri ko a sauya. Irin aure (hybrid) ba a maimaita shi daga rumbu, amfaninsa faɗuwa yake. Irin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru wanda ba na aure ba ana iya maimaita shi shekara biyu zuwa uku. Kamfa ana sa ta cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane tsiro, wanda shi ne kusan buhu 6 a hekta. Yuriya a mako na 4 zuwa na 6, ƙasa da cikin murfi. A yi rami da tsinke kamar tsawon yatsa daga gindin shuka, a zuba a rufe, ƙasa tana da danshi. Yuriyar da aka watsa a sama a rana tana tashi iska, in kuma ruwa mai ƙarfi ya biyo baya ya wanke ta. Wanda ya jira sai masara ta yi tuta kafin zubi na biyu ya makara.

Tsutsar nan da ta shigo a 2016 tun masara tana ƙarama ake dubanta, sau biyu a mako. In an ga ganye da ƙananan tagogi da kashi kamar dusa a cikin kwarkwaro, a yi feshi da sassafe ko da yamma, bakin famfo yana kallon cikin kwarkwaron. In ta girma ta shige ciki, magani biyu ba zai yi abin da ɗaya zai yi da wuri ba.

Taki kuma a saya wurin dila sananne tun kafin ruwa ya sauka, a duba ɗinkin buhu, a ɗora a sikeli. Yuriya ta gaskiya tana narkewa tas a kofin ruwa, ruwan ya yi sanyi. In yashi ya kwanta a ƙasan kofin, a mayar wa mai shi.